Tarin da ya ƙi jin magani a jikin mai ciwon suga

A wannan fitowa mun ajiye zancen zubi da rance gefe guda. Za mu kawo maku labarin wata ƴar ƙungiyarmu da abin da muka koya a wahalar jinyarta. Ita ta ba mu izinin faɗa, amma ba za mu kama sunanta ba. Mu dai Inna muke ce mata, don ta girme mu duka, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta kai shekara takwas da ciwon suga, tana shan ƙwayarta in da kuɗi, in babu ta haƙura, kamar yadda da yawanmu ke yi. Shekara uku da suka wuce ta yi tarin fuka, ta sha magani wata shida cur ba ta tsallake rana ba, aka auna aka ce ta warke. Muka je muka yi mata barka, ta koma bakin kaskonta.

Da hunturun bara sai tari ya dawo. Da farko kowa ya ce ƙura ce. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, tari bai tafi ba. Ta fara ramewa, zane ya daina zama a ƙugunta, in ta ɗan soya gyaɗa sai ta zauna tana haki. Wata safiya ta yi kaki ta ga jini. Ɗiyarta ta kai ta likita, aka karɓi majina har sau biyu, aka sa a na'urar nan ta awon tarin fuka da ake kira GeneXpert, ba a ga kome ba. Aka rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai, aka sake wani, aka sake na uku. A unguwa kuwa magana ta riga ta bazu cewa tarin fuka ya dawo mata. Aka ware mata kwano da moɗa, jikoki suka daina shiga ɗakinta, masu sayen ƙuli suka koma wani gida. Wasu suka ce sammu ne, aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Mu kanmu, sai da ta yi fashin taro sau uku, har ana maganar tara, sannan muka je muka ga halin da take ciki. Wannan laifinmu ne, ba mu ɓoye ba.

Abin da ta ce mana ranar har yanzu yana kunnenmu: "Ɗiyana, ni ba ciwon ya dame ni ba. An ce babu, ni ko ina ji a jikina akwai."

Muka fidda jika 40 daga asusun taimako, muka haɗa ta da ma'ajiyarmu zuwa babban asibiti. Likitan da suka samu ya saurari labarin tun daga farko, ya sa aka ɗauki hoton ƙirji, wanda su can suke kira radiyo, sannan ya tambayi tsohon hoton da aka yi mata lokacin tarin fuka. Aka yi ta neman hoton nan a waya, ashe yana can gida ƙarƙashin kwalla, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Da aka kawo ya jera su biyu, sai ga rami a saman huhun dama wanda tarin fuka ya bari, ya ƙara faɗi, bangonsa ya yi kauri, kuma a cikinsa akwai wani dunƙule. Ya ce yana zargin shampinyo. Da Hausa hunhuna ke nan, wasu su ce funfuna, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko gyaɗar da ta sha laima.

Ba mu taɓa jin hunhuna na tsirowa cikin huhun mutum ba. Shi ya sa bayan an gama awo muka roƙi wata ma'aikaciyar lafiya ta zo taronmu ta yi mana bayani, sakatariyarmu tana rubutawa. Abin da ke biye daga nan muka samo shi.

Ita wannan hunhuna sunanta Aspergillus. Tana cikin ƙasa, cikin juji, cikin ƙaiƙayi, cikin harawar da ruwa ya taɓa, cikin rumbun da ya yi raɓa. Danginta ce ke ɓata gyaɗa da masara a ajiya. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya gani, suna tashi cikin iska. Kowace rana dukanmu muna shaƙar su, kuma ba su yi mana kome, domin huhu mai lafiya yana da sojojinsa da ke cinye su kafin su tsira. Matsalar tana zuwa ne in abu biyu sun haɗu: akwai wurin ɓuya a huhu, kuma sojojin sun yi rauni. Ramin da tarin fuka ya bari shi ne wurin ɓuya, ga ɗumi ga laima ga iska, kamar rumbu da damina. Ciwon suga kuwa shi ke karya sojojin. In suga ya daɗe yana sama a jini, fararen ƙwayoyin jini sai su yi sanyi, ba su isa wurin cuta da sauri, in sun isa ma ba su kashe ta yadda ya kamata. Wannan raunin ne ya sa mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi kamuwa da tarin fuka sau biyu zuwa uku. To kun ga yadda abin ke ɗaure: suga ya buɗe wa tarin fuka ƙofa, tarin fuka ya haƙa rami ya tafi, hunhuna ta zo ta tare.

Ba abin da ba safai ba ne. A garin Gulu na ƙasar Uganda an bi mutanen da suka gama shan maganin tarin fuka, binciken da aka wallafa a 2019, aka samu kusan 5 cikin 100 suna da wannan ciwo, kuma kusan dukansu masu rami ne a huhu. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da jerin hunhuna iri 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, ta sa Aspergillus a sahun farko.

Abin da ya sa gano shi ke da wuya

Alamominsa da na tarin fuka kamar an tsaga kara. Tari mai daɗewa, rama, kasala, zufar dare wani lokaci, jini a kaki. Ga mai ciwon suga kuma akwai ƙarin ruɗani, domin rama da kasala duk suga ake ɗora wa. Inna ta yi wata huɗu tana cewa sugarta ce ta tashi. Gaskiya ne ta tashi, amma ciwon da ke cikin huhu shi ke tada ta. Ku riƙe wannan: in mace tana shan maganinta yadda aka ce, tana kiyaye abinci, amma suga ya ƙi sauka, a nemi ciwon da ke ɓoye a jiki.

Sai kuma maganar awo. Awon majina na tarin fuka, tarin fuka kaɗai yake nema. In ya ce babu, nufinsa bai ga ƙwayar tarin fuka ba, bai ce huhu lafiya lau yake ba. Mu da yawa a nan muke yin kuskure, mu karɓi takarda mu ce alhamdu lillahi mu koma gida da tarinmu. Kada a fahimce mu a baibai: duk tarin da ya wuce mako biyu, awon tarin fuka shi ne farko, kuma maganinsa kyauta ne a ƙasarmu. Shi ya fi yawa, shi ke yaɗuwa cikin gida, dole a fara kawar da shakkarsa. Zancenmu a kan wadda aka auna aka ce babu, ko wadda ta gama magani, amma tari da rama suka kai wata uku ba sauƙi.

Ba awo guda ke tabbatar da hunhunar huhu ba. Likita yana haɗa labarin mara lafiya, da hoto, da jini, kamar murhu mai duwatsu uku. Labarin shi ne namu: yaushe tari ya fara, an taɓa tarin fuka ko a'a, wace shekara, wane magani aka sha, shekara nawa da suga, ana shan wasu ƙwayoyi na kasuwa ko ba a sha. Hoton ƙirji yana nuna rami, kuma in akwai tsohon hoto sai a ga ko ramin yana girma. Wani lokaci ƙaramin hoto ba ya nuna dunƙulen, sai an shiga babbar na'ura, sikana, wadda ke yanka hoton huhu fala-fala. Ita sai a manyan asibitoci, kuma da tsada, amma a wurin Inna ita ta fitar da dunƙulen sarai.

Awon jinin kuwa ba hunhunar yake nema kai tsaye ba. Yana neman makaman da jiki ya ƙera don yaƙarta, domin jikin da ya daɗe yana fama da ita yana tara su da yawa. A takarda za ku ga an rubuta Aspergillus da haruffa IgG. Wannan awo ya fi kowane kama ciwon. Ba kowane labo ke yin sa ba, na Inna sai da aka aika jinin wani wuri muka jira. Akwai kuma irinsa na gaggawa, mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ba da amsa cikin rabin awa kuma ba ya bukatar wuta. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyi da ke zama a kwamitin lafiya su riƙa tambayar sa, don abin da ba a tambaya ba a kawo shi.

Ana kuma shuka majina a labo a ga ko hunhuna za ta tsiro, amma sai likita ya rubuta a nemi shampinyo, in bai rubuta ba ba a nema. Amsar tana ɗaukar kwanaki. Ita ma tana da nata ruɗin. Sau da yawa ciwon yana nan amma ba ta tsiro ba. Wani lokaci kuma ta tsiro alhali daga iska ta faɗa ciki. Akwai ma wata iri mai suna Candida, wadda ke zama a baki, ita ce ke sa farin baki da ƙaiƙayin gaba da masu suga suka sani sosai. In an gan ta a majina, yawanci daga baki ta biyo, ba ita ke cin huhu ba. Don haka kada wadda ta iya karatu ta ga kalma a takarda ta yanke wa kanta hukunci. Yadda ake ba da majinar ma yana da muhimmanci: da sassafe, a kurkure baki da ruwa mai tsabta, a ja numfashi sosai a yi tari daga ƙirji, ba miyau ba, a rufe robar a kai da wuri.

Wadda ba ta jiran wata uku

Duk abin da muka faɗa a sama na mai tafiya a hankali ne, wata da watanni. Akwai wata hunhunar dabam da ke kisa cikin kwanaki, kuma masu ciwon suga ta fi so. Likitoci suna kiran ciwon mikormikoz. Wataƙila wasunku sun ji a rediyo lokacin korona, a 2021, yadda ta kama mutane sama da dubu 40 a Indiya, ana ce mata baƙar hunhuna. Yawancinsu masu suga ne da aka ba magunguna irin su dekizametazon. Tana samun ƙarfi in suga ya hau sosai har jini ya yi tsami, lokacin da mara lafiya ke amai, yana numfashi da ƙarfi, yana neman suma. Tana shiga jijiyoyin jini ta toshe su, naman wurin ya mutu ya yi baƙi.

Ta fi farawa ta hanci: ciwon fuska gefe guda, hanci ya toshe yana fidda baƙin ruwa, ido ya kumbura ko gani ya ragu, ko baƙin tabo a ganɗa. Tana kuma kama huhu, da zazzaɓi da ciwon ƙirji da tarin jini waɗanda ba su jin maganin da aka saba bayarwa. Awon jinin da muka ambata ba ya kama ta. Sai an yi sikana an kuma yanki ɗan nama an duba, maganinta kuwa allura ce ta jijiya mai suna amfoterisin B, sau da yawa haɗe da aiki. Mai suga in ta nuna waɗannan alamu, a ranar za a ɗauke ta zuwa babban asibiti, kada a jira ranar taro a tattauna kuɗi. Haka ma duk wadda ta yi tarin jini mai yawa, ko da wane ne sanadi.

A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya, mu mata. Dekizametazon ɗin nan shi ne cikin ƙwayoyin ƙiba da ake saye a tebur, ana sha kafin biki ko don a ce maigida yana kula. Shi ne kuma wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi. Yana tada suga, yana kwantar da sojojin jiki. Mai ciwon suga da ke shan sa ba da umarnin likita ba tana buɗe ƙofa biyu a lokaci guda. In kina sha, ki faɗa wa likita ba tare da kunya ba, kuma in kin daɗe a kansa kada ki yanke shi rana ɗaya, shi ma yankewar tana da haɗari, a hankali ake rage shi.

Da amsar jinin Inna ta dawo ta tabbatar da zargin, aka ɗora ta a kan magani mai suna itrakonazol. Ana shan sa aƙalla wata shida, wasu har shekara ko fiye, kuma ba kyauta ba ne. Wasu masu dunƙule guda a wuri ɗaya aiki ake yi masu a cire. Abubuwa biyu da aka ja mana kunne a kai muna so su isa kowace ƙungiya. Na farko, filikonazol, ƙwayar nan da muke sha don ƙaiƙayin gaba, ba ta taɓa wannan hunhuna ko kaɗan, kada wata ta ce ai duk maganin shampinyo ne. Na biyu, maganin tarin fuka mai sa fitsari ya yi ja, wato rifampisin, yana kore itrakonazol daga jini, ba a haɗa su. Tun da mutum na iya ɗauke da ciwon biyu tare, likita ne zai tsara wanda za a fara. Wadda ke kan maganin tarin fuka kada ta ajiye shi don ta karanta wannan. Mai ciki da mai ciwon zuciya su ma su faɗa tun kafin a rubuta, kuma ana duba hanta lokaci lokaci.

Magani ba ya ci in suga na sama. Ga waɗanda ba a taɓa aunawa ba, in an auna da safe kafin a ci kome aka samu giram 1,26 a lita ko fiye, aka sake aka samu haka, ciwon suga ne. Duk wadda aka ce tana da tarin fuka ta nemi a auna mata suga, ko ba ta jin kome. Ga waɗanda suka san suna da shi, akwai awon da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, a takarda HbA1c, kuma ga yawancin mutane ƙasa da 7 cikin 100 ake so. Na Inna ya yi nisa da haka, sai da aka mai da ta kan allurar insulin.

Abin da ya fi faranta mata rai ba maganin ba ne. Da likita ya ce wannan ciwo ba a ɗaukar sa daga mutum zuwa mutum, ba ta tari ba, ba ta kwano ba, sai ta ce wa ma'ajiyarmu: "Ki maimaita min, ki kuma je ki faɗa masu a gida." Muka je mu biyar muka zauna a tsakar gidan, muka ci tuwo kwano ɗaya da ita a gaban kowa. Mako na gaba ƙungiya ta sayi ƙulinta gaba ɗaya muka raba, har masu saye suka fara dawowa.

Ɗiyarta ce ke ɓarar gyaɗa da sheƙe ta yanzu, ita Inna ta tsaya a suya da ciniki. An hana ta shiga rumbu da kwashe harawar da ta yi hunhuna da sharar turke. Duk mai suga ko wadda ta taɓa tarin fuka, in irin wannan aiki ya zama dole, ta rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, ta yayyafa ruwa kafin shara.

Mu ma mun sake wasu abubuwa a ƙungiya. Da muka ƙirga, cikin mu talatin, shida ke da suga, biyu sun taɓa tarin fuka. Kowacce yanzu tana da jakar leda guda da ake tara karne da takardun awo da ordonas da hotunan ƙirji, ba a naɗe hoto, ba a bar shi a rana. Wadda ta yi fashin taro sau biyu a jere, kafin a yi zancen tara sai mutum biyu sun je gidanta. Mun kuma amince shugaba da ma'ajiya da masu makulli su iya fidda kuɗin mota daga asusun taimako in abu na gaggawa ne, su kawo bayani a taro na gaba. Wannan sai da aka yi muhawara mai zafi, don wasu na tsoron a buɗe ƙofar cin amana, sai da aka sa sharaɗin shaidu biyu da rubutawa a littafi.

Sakatariyarmu ta rubuta tambayoyin da za a yi wa likita a ƴar takarda, da Hausa da Faransanci, don da yawanmu in mun shiga gaban majo ko likita sai baki ya mutu. Ga abin da ke ciki: ina da suga, na taɓa tarin fuka a shekara kaza, an auna majina an ce babu amma tarin ya kai wata uku, ga tsohon hotona, ko zai yiwu shampinyo ne, ina ake yin awon jininsa? Ƙungiyar da ke so ta kwafa ta kwafa.

Inna tana cikin wata na biyar da magani. Jinin ya tsaya, tari ya ragu amma bai ɗauke duka ba, ta ƙara kilo uku. Ramin yana nan, an ce ba ya cikewa, kuma ko bayan ta gama sai an ci gaba da dubawa don ciwon yana iya dawowa. Kuɗin magani na wata-wata shi ne nauyin da ke kanmu yanzu, ƴaƴanta na biyan rabi, ƙungiya na ranta mata rabi ba riba. Ranar Laraba mai zuwa za ta koma awon hanta da sabon hoto, ma'ajiyarmu ce za ta raka ta.